Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan uwanmu na kudancin Kanada masu shirin hawowa Nunavut, yankin can ƙuryar arewacin ƙasar, neman aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, na Toronto da na Ottawa, na Winnipeg da Calgary da Edmonton, da duk wanda rubutun nan ya iske.

Na daɗe ina cewa zan rubuta wasiƙar nan ina ɗagawa, abun da yasa yau na zauna shine a watan nan kaɗai mutum biyar suka turo min saƙo kuma tambayar tasu iri ɗaya sak kamar sun haɗa baki. Wai Malam da gaske ne albashin can yafi namu, wai har kuɗin zaman arewa ake ƙarawa mutum, wai in mutum ya daure shekara biyu zai tara na kafin alƙalamin gida ya sauko abunsa? Cikin su biyar ɗin nan babu wanda ya tambayeni su waye masu garin. Ko mutum ɗaya wlh. Shi yasa nace bari in rubuta a fili kowa ya karanta, nima in huta da saƙon murya na minti goma goma.

Bari in fara da kuɗin tunda shi kuka tambaya. Eh gaskiya ne. A Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi anan ya koma dala 19 a awa, lokacin babu inda ya kamo shi a faɗin Kanada. Ma'aikacin gwamnatin yankin ana ɗora masa alawus na zaman arewa, a Iqaluit, babban birnin yankin inda nake zaune, ya haura dala 15,000 a shekara, a ƙananan garuruwan can sama kuma har ninka haka yake yi. Harajin saye da sayarwa kashi 5 ɗin tarayya ne kawai, yankin baya ƙara nasa. Nima kuɗin ne ya kawo ni, aikin jinya nake, bazan zo ina muku wa'azi kamar tausayin talakawa ne ya ɗauko ni ba.

Amma fa kuɗin ta ƙofa ɗaya yake shigowa ya fita ta goma. Garuruwa 25 ne a Nunavut, a ƙasar da girmanta ya kai murabba'in kilomita miliyan 2, wajen kashi ɗaya cikin biyar na Kanada kenan, kuma babu gari biyu da titi ya haɗa su, babu kuma titin da ya taso daga kudu ya iso nan. Duk abun da kuka gani a kanti ko dai jirgin sama ne ya kawo shi ko jirgin ruwa, shi kuma jirgin ruwan sai ƙanƙara ta narke yake iya shigowa, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, a ɗan tsakanin nan ake sauke motoci da katako da gwangwanaye da man dizal ɗin da gari zai ƙona shekara guda, domin kowane gari da injin wutarsa yake kwana yake tashi. Masu wayo tun farkon shekara suke yin odar shinkafa da fulawa da sabulu na wata goma sha biyu su jira jirgi. Tumatir da madara da ayaba kam sai ta sama, in iska ta taso da dusar ƙanƙara aka soke jirage kwana uku sai ka shiga kanti ka tarar da kantoci wayam. Akwai tallafin da gwamnatin tarayya take sawa a kan wasu kayan abinci tun 2011, duk da haka a 2012 sai da mutane suka fito da kwalaye a ƙofar kantuna a garuruwa da dama, suna ta ɗora hotunan farashi a Facebook har duniya ta ji. Ranar farko da na ɗauki kwalin lemo na duba kuɗin a hankali na mayar dashi inda na ganshi kamar ƙwai. Tikitin Ottawa kuwa, tafiyar awa uku ce kacal, amma sau da yawa kuɗinsa zai kai ka Turai.

Sanyi ba sai na ɓata muku lokaci ba. Janairu a Iqaluit matsakaici wajen 27 ƙasa da sifiri ne, in iska ta haɗu dashi jiki yana jin 40 ko fiye. Ku sayi rigar kirki da takalmin kirki, shikenan, sanyi baya kashe wanda ya shirya. Duhun ne yafi cin mutane. A Disamba awa huɗu da 'yan mintoci rana take leƙowa, ka shiga aiki da duhu ka fito da duhu, a Yuni kuma ta ƙi tafiya, kusan awa 21, ƙarfe ɗayan dare yara na wasan keke a waje. Mu nan ma da sauƙi, garin Grise Fiord da ke can sama da mu daga ƙarshen Oktoba basa ƙara ganin rana sai tsakiyar Fabrairu.

Ƙasar kanta kuwa, kai. Da na sauka nayi ta waige waige ina jin akwai abun da idona ya rasa, sai da na kwana biyu na gane bishiya ce babu, ko guda ɗaya. Dutse ne da ƙanƙara da sararin Allah iya ganinka. Ƙasan a daskare take shekara da shekaru shi yasa gidaje suke tsaye a kan ƙafafun ƙarfe, in ka ɗora gida kai tsaye ɗumin ɗaki zai narkar da ita gidan ya karkace. A yawancin garuruwa tanka ce take kawo ruwa wata tankar ta zo ta kwashe na bayi, in guguwa ta hana mota fita sai kowa ya fara lissafin wanka. Teku a bakin Iqaluit yana hawa ya sauka sama da mita 10 a rana, da safe ka ga kwalekwale a kan ruwa da yamma ka ganshi zaune a taɓo. Na taɓa zuwa aiki Pangnirtung, garin yana bakin wani lungun teku tsakanin duwatsu, can cikin gandun Auyuittuq akwai dutsen Thor da gefensa ya miƙe tsaye ƙyam mita 1,250, ban hau ba kuma bana shirin hawa. A Yuli furanni 'yan ƙanana masu ruwan shuni su rufe ƙasa, sauro ya fito kamar an aiko shi, a Agusta mata da yara su bazu kan tudu da bokitai suna tsinkar 'ya'yan ciyayi. Daren hunturu kuma hasken nan kore da suke kira aqsarniit ya dinga rawa a sama, ranar da na fara gani tasbihi kawai na samu bakina yana yi.

Toh duk wannan ba shine ya sani rubutu ba.

Satina na farko a wurin aiki wata dattijuwa ta zo a duba mata hawan jini, jikarta na mata tafinta. Bata tambayi sunana ba, bata tambayi daga ina nake ba, abun da ta fara cewa shine yaushe zaka koma. Naji haushi sosai, nace a raina daga zuwana har an fara korata. Sai daga baya wata abokiyar aiki 'yar garin ta fahimtar dani cewa ba kora bace, lissafi take, tana so ta san ko ya kamata ta wahalar da kanta ta riƙe sunana. A rayuwarta ta ga nas da malaman makaranta da 'yan sanda sun fi a ƙirga, kowa yazo yayi shekara ɗaya ko biyu ya cika aljihu ya tafi, sabo yazo ta sake bada labarin ciwonta daga farko. Akwai yaron da zai canza malami sau biyu a aji ɗaya. Mu da muke hawowa yanzu, baƙaƙe ne ko farare, layin waɗancan muke shiga ko mun so ko mun ƙi.

Kuma ruwa baya tsami banza. Mutanen nan Inuit suke, mutum ɗaya Inuk, dan Allah ku bar kalmar Eskimo a filin jirgi, basa so. A ƙidayar 2021 mutum 36,858 ne a yankin gaba ɗaya kuma wajen kashi 85 cikin ɗari su ne. Dattawan da zaku gani a kanti da yawansu a tanti ko ɗakin ƙanƙara aka haife su, a cikin rayuwar mutum ɗaya aka tattaro su daga sansanonin farauta aka zuba a garuruwan nan. Daga shekarun 1940 gwamnati ta ga sunayensu sun mata wuyar rubutawa sai ta ba kowa lamba a wani ɗan faifai da ake ratayawa a wuya, na gabas lambarsa ta fara da E na yamma da W, da ita ake kiran yaro a makaranta, sai wajen 1970 wani Inuk mai suna Abe Okpik ya zagaya gari gari ana rubuta sunayen iyali. A 1953 da 1955 aka kwashi iyalai daga Inukjuak a arewacin Kebek aka kai su Resolute da yankin Grise Fiord, tafiyar wajen kilomita 2,000 zuwa inda basu san duhunsa ba basu san dabbobinsa ba, da alƙawarin in basu ji daɗi ba bayan shekara biyu za a mayar dasu, ba a mayar ba, a cikin jirgin ma aka raba 'yan uwa wasu nan wasu can. Sunan da suka sa wa wuraren ya isheku labari, Resolute suna ce mata Qausuittuq wato inda gari baya wayewa, Grise Fiord kuma Aujuittuq, inda baya narkewa. Sai 2010 gwamnati ta nemi gafara. Lokacin tarin fuka jirgin ruwa ne yake zuwa a hau da mutum a duba shi, in an samu cutar ba sallama ba komai sai asibitin kudu, wasu sun rasu can danginsu basu san kabarinsu ba, wannan sai Maris 2019 firaministan Kanada na lokacin Justin Trudeau yazo Iqaluit ya bada haƙuri. A shekarar dai aka nemi gafara kan karnukan ja da aka harbe musu tsakanin shekarun 1950 da 1970, kuma mafarauci ba kare a wancan zamanin kamar an yanke masa ƙafa ne. Ga makarantun kwana da aka raba yara da iyayensu da harshensu, wanda har Fafaroma Francis sai da ya tako Iqaluit a Yulin 2022 a kan maganar.

Na jero muku wannan ne saboda abun da zaku gani da idonku. Zaku ga shaye shaye, zaku ga gida mai ɗaki biyu da mutum goma sha a ciki ana kwana bi da bi, zaku ga tarin fuka har yanzu yana yawo saboda cunkoson, zaku ji matashi ya kashe kansa kuma duk garin ya ɗauki makoki domin kowa ɗan uwan kowa ne. Na sha jin namu, wata uku da zuwa, suna zaune suna yanke hukunci wai mutanen nan malalata ne gwamnati ta lalata su da kuɗi. Wlh in naji haka kunya take kamani. Baƙo ko da idonsa makaho ne, balle wanda daga gida sai ofis sai kanti. Mutumin da kake kira malalaci zai tashi cikin sanyin 35 ya ɗaura keken ja a bayan babur ɗin ƙanƙara yayi tafiyar awa shida, ya tsaya kan ramin ƙanƙara da nattiq, dabbar tekun nan da Turawa suke kira seal, take leƙowa ta shaƙi iska, ko motsi babu har dabbar ta leƙo, in injin ya mutu ya kwance shi da hannu a wurin, ya dawo ya rabar da naman kyauta. Kai da digirinka biyu a ajiye ka nan awa ɗaya mu gani.

Sanin da suke dashi na ƙasar nan ba wasa bane. Jiragen ruwa guda biyu na wani Bature mai binciken hanyar teku, John Franklin, da suka taso daga Ingila a 1845 da mutum 129 suka ɓace, Turawa sun shekara fiye da 160 suna nema, alhali tun farko Inuit sun faɗi yankin da suka ga jirgi ya nutse ba a ɗauki maganarsu da daraja ba. Da aka gano ɗaya a 2014 ɗayan a 2016, a wajen da labarin kakanni ya nuna aka same su, kusa da tsibirin da garin Gjoa Haven yake. Yanzu kuma su ne suke fara ganin canjin yanayi, ƙanƙarar teku tana makara bata daskare ba tana kuma saurin fashewa, hanyar da uba ya koya wa ɗansa ta daina zama abar dogaro.

Maganar abinci ita ce inda nafi so ku kula, anan namu suka fi yin kuskure. Za a gayyace ku, zaku shiga ku tarar an shimfiɗa kwali a ƙasa, an ajiye kifin iqaluk a daskare ko cinyar tuktu, barewar nan tasu, ko maktaaq wato fatar kifin wel da kitsenta, mata na yanka da wuƙarsu mai kamar rabin wata da ake kira ulu, kowa ya tsuguna ya yanka ya ci ɗanye. Kar ku yatsine fuska, kar ku ciro waya ku fara ɗauka kuna turawa ana dariya. A ƙasar da ba a shuka komai wannan naman ne ya riƙe su dubban shekaru, kuma yafi abun gwangwanin da ake sayar musu da tsada amfani nesa ba kusa ba. Mu da muka taso a Malikiyya mun san dabbar ruwa halal ce, na tudu kuma kowa ya tambayi malaminsa, in bazaka ci ba kace addini ne cikin ladabi, suna ganewa sarai, su ma masu ibada ne yawancinsu Kirista. Ni dai kifin nake ci kuma na saba har ina nema. In kun ci ku ce mamaqtuq, yayi daɗi kenan, zaku ga fuska ta washe. Kuma kar wanda ya kawo musu surutun kare haƙƙin dabbobi a kan farautar nattiq, Tarayyar Turai ta hana cinikin fatarsa a 2009, duk da ance an ware na Inuit kasuwar gaba ɗaya ta rushe, har yau abun na musu ciwo domin da kuɗin fatar mafarauci yake sayen mai da harsashi.

Wasu ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya muku. In kayi tambaya aka ɗaga gira to eh aka ce, in aka tattare hanci a'a ne, ni na shafe wata guda ina zaton yara na raina ni basa amsawa. Shiru a wurinsu ba fushi bane, kar ka cika wuri da magana. A ƙananan garuruwa ba a cika ƙwanƙwasa ƙofa ba, shigowa ake a cire takalmi. Jariri a bayan uwa yake cikin aljihun goyo na rigar amauti, ƙasan hularta. Zaka ji babbar mace tana kiran 'yar jaririyarta anaana wato uwa, saboda sunan mahaifiyarta da ta rasu yarinyar ta ci, mu da muke kiran yaro Abba ko Ummi ba sai an mana dogon bayani ba, sai dai nasu yafi namu zurfi, namiji ma yana cin sunan mace. Tasi a Iqaluit kuɗi ɗaya ne duk inda zaka, lambar gida ake faɗa ba sunan titi ba, kuma direba zai ɗebi wasu a hanya kar ka yi faɗa. Ku koyi ullaakkut na gaisuwar safe da nakurmiik ko qujannamiik na godiya, ba zasu gagare ku ba, mu da muka iya harshe uku uku tun muna yara.

Masallaci akwai alhamdulillah, an buɗe shi a Fabrairun 2016, yana kan titin da 'yan garin suke kira hanyar da bata zuwa ko'ina, kuma daga nan ake raba kayan abinci ga mabuƙata ba a tambayar addinin kowa. Lokutan salla da azumi in rana ta ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa malamai sun bada sauƙi a bi lokacin wani gari na kudu ko na Makka, in kun zo ku bi abun da jama'a suke kai kar kowa ya kafa nasa. A ƙananan garuruwan kam kai kaɗai ne liman kai ne ladan.

Sai magana mai ɗan ɗaci, ku yi haƙuri da ni. Nunavut ba kyauta aka basu ba, shekaru suka yi suna zaman tattaunawa har aka sa hannu a yarjejeniyar ƙasa a 1993, aka yanke yankin daga Yankunan Arewa maso Yamma ranar 1 ga Afrilu 1999, Paul Okalik ya zama firimiya na farko. Ma'anar sunan ma ƙasarmu. Majalisarsu kujera 22 ce kuma babu jam'iyya, kowa da kansa yake tsayawa sannan su zaɓi firimiya a tsakaninsu. A sashe na 23 na yarjejeniyar an rubuta cewa ma'aikatan gwamnati su kasance Inuit daidai da yawansu a ƙasar, wato wajen 85 cikin ɗari, amma har yau abun yana wajen rabi ne, manyan kujerun ma basu kai haka ba. To in ka nemi aiki aka ce ɗan ƙasa ne a gaba kar ka fara kukan wariya, doka ce kuma haƙƙinsu ne. In kuma ka samu, ka sani sau da yawa aikin da gida yake zuwa, kai ka sauka daga jirgi a miƙa maka makulli, ita kuma mai share ofis ɗinku da aka haifa a garin tana layin jiran gida shekara da shekaru da 'ya'ya huɗu a ɗakin mahaifiyarta. Tana gani, bata ce komai ba ne kawai. Abun da zaka iya shine duk ɗan garin da aka haɗa ka aiki dashi ka koya masa aikin tsakani da Allah har ya iya riƙe kujerarka, ba ka ɓoye ilimin kana tsoron kar a sallame ka ba. Na ga masu yin hakan, na ga kuma namu da suka mayar da wurin kamar ma'adinai, sati kaza a ciki sati kaza a waje, shekara uku basu taɓa shiga gidan ɗan gari ba, basu taɓa zuwa bikin Toonik Tyme na murnar fitar hunturu da ake yi a watan Afrilu ba, basu san ana bikin ranar Nunavut 9 ga Yuli ba sai dai sun ga an basu hutu. In mai sassaƙa ya zagayo gidan abinci da ɗan beyar na dutse yana tallar sa, dan Allah kar ku taya shi kamar kuna gwanjo, aikin kwanaki ne, kuma garin Kinngait da masu zane irin su Kenojuak Ashevak suka fito zanensu har a kan tambarin wasiƙa na Kanada an buga.

Ban ce kar ku zo ba, ku zo mana, ana buƙatar nas da malamai da masu gyaran inji da akantoci sosai, asibiti guda ɗaya ne a duk yankin sauran garuruwa nas ne suke riƙe da ɗakin shan magani, mace mai ciki ma sau da yawa jirgi ake sata ta bar 'ya'yanta makonni taje ta haihu a wani gari. Amma kar wanda ya hawo ba takardar aiki da tabbacin wurin kwana a hannu, ba garin da zaka zo ka laluba bane, babu tashar da zaka kwana, ɗakina kuma ɗaya ne. In dattijuwa ta tambaye ku yaushe zaku koma ku faɗa mata gaskiya, in shekara ɗaya ce ku ce shekara ɗaya. Tawa dattijuwar sai a hunturu na uku ta tambayi sunana, ta gwada faɗa sau biyu ya ƙi, ta yi dariya ta laƙaba min wani da har yau jikarta ta ƙi fassara min.

Wanda jirginsa yake cikin watan nan ya taɓa ni kafin ya taso, zan zo filin jirgi da ƙarin safar hannu domin nasan wacce kuka saya bazata yi ba. A riƙo min dabino da albasa daga Ottawa, zan biya.

Wassalam,
ɗan uwanku a Iqaluit